Wa ya taɓa sikanin partisiyon ya sa a MuseScore?

Malam Fanfar: Salamu alaikum. Ina koya ma yara busa nan Yamai, ina da partisiyon (takardun not na kiɗa) shafi 40, fotokofi ne tsofaffi, so nike in juya su zuwa tirompet si bemol da sakso alto ba sai na buga kowace not da hannu ba. Lojisiyel mai karanta not daga takardar da aka yi ma sikanin nike nema, in sayi PhotoScore ko Audiveris na kyauta ya isa? Saura wata guda bikin lekol.

Ɗan Ader: Sayi Finale, lojisiyel ɗin rubuta not, ka huta malam.

Maman Koral: Wane Finale, tun 2024 aka daina saida shi. Malam a yi maka sikanin 300 dpi, Audiveris ya hiddo fishiyen not (MusicXML), ka buɗe a lojisiyel ɗin rubuta not MuseScore ka juya. Amma sai takarda na da tsabta.

Baushi: Hmm tsabta. Ni na kai littahin koral ɗinmu wani sibar, yaron ya aza shi a karkace, duk ɗigon ƙura na'ura ta karanta shi sitakato (ɗigon gajarta not), diyez (alamar ɗaga not) ya koma bekar (alamar soke ta), muryar alto da soprano suka cakuɗe layi guda, kwana ukku ina gyara har idona ya yi ja, ranar waƙa kuma alto suka rera fa maimakon fa diyez gaban jama'a, ni aka kalla. Littahin ma da bango a yage aka maido min, dala 50 shafi na biya.

Ɗan Ader: Dala 50? An cuce ka, nan Tawa dala 20 ne.

Maman Koral: Jika guda na ba da shafi 10, har da sa min a kile.

Baushi: Ɗan Ader kai da ba ka san solfej (karatun not) ba mi ya kai ka ciki?

Ɗan Ader: Shekara 15 ina kiɗa yallaɓai. Mai gurumi wane sikana ya taɓa nema 😂

Malam Fanfar: Don Allah, na kuɗin ya fi iya karanta tsohon fotokofi?

Baushi: Ko wanne ka sa sai ka gyara. Ni ma rabin gyaran nawa ya tafi da aka ɗauke kuran, ban yi sabe ba, batirin ordinata ya mutu tuni.

Maman Koral: Kai bari, jiya unguwarmu tun azahar sai sha ɗayan dare, ga zafi, repetisiyon da tocin waya muka yi. Ku can ƙarfe nawa aka maido?