Musayar Waƙa: Kingpin, Na'urar Juya Hankali da Laifin Kyaftin Stacy

Mai Tawada:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na wannan makon daga mujallar zane ta Amazing Spider-Man na ɗauko, fitowa ta 59 zuwa 61, labarin Stan Lee, John Romita kuma ya ja ragamar zane. Jarumin shi ne Spider-Man, wato mutumin gizo-gizo, sunansa na gaskiya Peter Parker; Gwen budurwarsa ce, Mary Jane ƙawarsu. Ƙa'ida tana nan yadda take: da baiti ake amsawa, kowa ya zaɓi amsa-amonsa.

Bismillah, da shi nake farawa,
Ku matso kusa, masu son karantawa.

New York ne birnin da abin ya auku,
A 1968 aka yi bugawa.

Kingpin, ƙato mai sanƙo da sanda,
Uban daba, ba a yi masa musawa.

Ya buɗe gidan rawa a cikin gari,
Ya laɓe a baya, ba a ganowa.

Mary Jane aka ɗauka aikin rawa,
Da kyamara a hannu tana zagawa.

Ba ta san abin da ke cikinta ba,
Ita dai manyan gari take haskawa.

Duk wanda hasken ya daki idonsa,
Sai ya miƙe tsam, babu tambayawa.

Ya nufi ɗakin baya da ƙafarsa,
Can Dokta Winkler yake tarbawa.

Na'ura ce zai kafa masa a ka,
Hankalin mutum take juyawa.

Ya fito da fuskarsa da muryarsa,
Amma Kingpin ne ke sarrafawa.

Har Kyaftin Stacy, tsohon ɗan sanda,
Uban Gwen, ya faɗa ba tsallakewa.

To ga tambayata gare ku, mawaƙa:
Wanda aka mallake, ana hukuntawa?

Inna Ta Gidan Sama:

Wa alaikumus salam. Ni tsohon nan tausayi yake ba ni.

Mai Tawada, sannu da ƙoƙari,
Tambayarka ba ta da wani sirri,
Wanda aka ɗaure shi da asiri,
Ba a taɓa kama shi da laifi ba.

Dattijo ne da ya bar aikin ɗamara,
Ya yi ritaya ba tabo ba ƙura,
Sandar hannu ce yake dogara,
Bai taɓa karɓar na goro ba.

Da Peter ya je gida ya same shi,
Ya ga halin tsoho ba irin nashi,
Sanda ta ɗagu, tsoho zai make shi,
Ya kare, tsoho ya faɗi, bai so ba.

Gwen ta shigo ta ga uba a ƙasa,
Ga saurayinta tsaye a kansa,
Ta kore shi ba ta ji ta bakinsa,
Ba ta san an juya mata uba ba.

Sarkin Gardama:

Inna, ranki ya daɗe, na ji batunki,
Ban ja da ke a kan tsohon kirki.

Rigimata da masu alƙalami ce,
Su ne suka shirya wannan wanki.

A 1954 masu buga mujallu
Suka ɗaura wa kansu takunkumi a baki.

Kar a zana ɗan sanda ko alƙali
Ta yadda za a raina masu kaki.

Kar mugu ya ci riba a ƙarshe,
Dole gaskiya ce za ta hau doki.

To yaya za ka sa kyaftin ya yi sata,
Ka sami hatiminsu ba tare da birki?

Sai ka kawo na'ura mai wayoyi,
Ka ce ita ce ta yi wannan aiki.

Da ta fashe, sai kowa ya farka,
Ba wanda ya rage da tabo a jiki.

Ku duba bangon mujallar, hatimin Comics Code, wato takunkumin da na faɗa, na nan a kusurwar sama kamar kan sarki. Ban ce Stan Lee ya zauna ya ƙulla hakan da gangan ba. Na ce dai na'urar ta yi masa rana.

Autan Mawaƙa:

Iyayena, ku ba auta hanya,
Ni ma in zuba 'yar fahimta.

Kun bar Peter yana ta wucewa,
Alhali shi ya ƙara dagula ta.

Ya bi tsoho har ofishin 'yan sanda,
Ya same shi tsakiyar sata.

Ya san sarai ba hankalinsa ba ne,
Ya ɗaga kyamara ya danna ta.

Hoto ya hau jaridar Daily Bugle,
Da sunan Peter a ƙasa an rubuta.

Gwen ta ɗauki jarida ta duba,
Ta ga uba, ta ga wanda ya tozarta.

Gizo dai Gizo ne ko a Amurka,
Ƙoƙi ce kullum ake cuta.

Mai Tawada:

Auta, ka yi sauri da yanke hukunci,
Ɓoye hoton ma ba shi ne mutunci.

In ya yi shiru, tsoho na hannun Kingpin,
Gobe a aike shi wani sabon ta'addanci.

Ya zaɓi Gwen ta tsane shi a yau,
Da ya bar mata uba a cikin ƙangin zalunci.

Malama Mai Jan Biro:

Auta, baitinka na uku ya gaza da gaɓa, ka sake auna shi. Sauran ku kuma ga nawa.

Duk kun taru a kan wanda aka juya,
Kun bar waɗanda suka zo da niyya.

'Yan barandan da ke gadin ƙofa,
Wa ya haska musu fitila ko ɗaya?

Sun ga ana shigar da manya ɗaki,
Suka gyara bindiga, ba ko tambaya.

Winkler da ya ƙera na'urar,
Da iliminsa ya zaɓi wannan hanya.

A kamfanin Norman Osborn yake aiki,
Albashi a gaba, Kingpin a baya.

Ba a mallake shi ba, ba a ɗaure shi ba,
Da idonsa biyu ya shiga rijiya.

Shi ne kuma wanda wutar ta ci,
Ran da na'urarsa ta tashi gaba ɗaya.

Kingpin ya sulale ya bar gawar,
Yaro ya mutu, maigida lafiya.

In kuna neman wanda za a tuhuma,
Ku fara da mai hankalinsa, ku bar tsoho ya sha miya.

Autan Mawaƙa:

Na karɓi gyara, Malama. Amma baitinki na ƙarshe ma ya yi jela, miyar ce ta ja shi.

Sarkin Gardama:

Malama, kin buɗe mini ƙofa,
Bari in kai ku 1986 ku gani.

Mujallar Daredevil, daga fitowa ta 227,
Miller da Mazzucchelli, aikin gwani.

Kingpin ɗin nan dai, sanƙon nan dai,
Amma ba na'ura, ba Winkler, ba wani.

Sunan ɓoye na Daredevil ya iso shi,
Tsohuwar budurwarsa Karen Page ta sayar don ƙwaya, cikin rauni.

Aka rufe asusun Matt Murdock, shi ne Daredevil,
Lasisin lauya ma aka ce ba ni.

Shaidar zur, wa ya yi ta a kansa?
Nick Manolis, da ba a san shi da muni.

Ɗan sanda ne, ɗansa na kwance asibiti,
Kingpin ya ce ga kuɗin magani.

Wannan Kingpin ɗin shi nake tsoro,
Ya san inda ke yi wa kowa ciwo, ya san farashin wani.

Da hankalinsa garau Manolis ya yi ƙarya,
Inna, wannan fa? Ki yanke, ki sanar da ni.

Inna Ta Gidan Sama:

Kai yaron nan ba ka da dama.

Sarkin Gardama, ka iya tarko,
Ka sako ɗa mara lafiya tun farko,
A nan zuciyar uwa ba ta da ƙarko,
Amma ban ce Manolis bai yi laifi ba.

Shi ya auna da kansa ya ɗauka,
Ya san wanda ƙaryar za ta halaka,
Yaron ma ya rasu ya bar shi da kuka,
Kuɗin Kingpin ba su tare ajali ba.

Ya so ya tona, ya kira ɗan jarida,
Ben Urich, ya ce zai ba da shaida,
Aka shaƙe shi a gadon jinya, ba taimako ba agaji ba guda,
Allah sarki, bai kai ga wanke kansa ba.

Tsohona kuwa, ku buɗe Spider-Man fitowa ta 90,
Wadda aka buga a 1970,
Bulo na zubowa daga saman ginin,
Ya ture yaro, shi bai tsira ba.

Ran nan ba mai riƙe da akalarsa,
Abin da ya yi, ya yi da hankalinsa,
Da wannan nake auna halinsa,
Ba da daren da aka juya shi ba.

Sarkin Gardama:

Inna, na bar miki Stacy, ki riƙe,
Ni da marubuta ne zance bai ƙare.

Ba shi kaɗai ya shiga ɗakin Winkler ba,
Manyan birni ne suka shiga a jere.

Me suka sa wa hannu kafin su farka?
Wa aka kora, wa aka ɗaure?

Malama, ke ce mai jan biro,
Ki bi mana takardun nan ki warware.