Lauya, soja, alƙali, sannan sanata: wane ne Sam Ervin?

Ɗalibin jami'a, unguwar Ali Ɗan Sofo:
Assalamu alaikum, malamaina. Mun yi muhawara a makaranta kan ko zama a kujerar alƙalanci yana gyara mutum kafin ya shiga majalisar dokoki, sai aka kawo misali da wani Ba'amurke mai suna Sam Ervin. Ina roƙon wanda ya san tarihinsa ya ƙara mini haske.

Tsohon malamin tarihi, Bagalam:
Wa alaikumus salam, ɗana. An haifi Ervin a 1896 a garin Morganton, jihar Karolina ta Arewa. Ya yi Yaƙin Duniya na Ɗaya a Faransa, inda ya samu rauni har aka ba shi lambobin jarumta, ya dawo ya kammala karatun lauya a Jami'ar Harvard a 1922. Daga 1948 zuwa 1954 yana alƙali a kotun ƙoli ta jiharsu, daga nan ya wuce majalisar dattawan Amurka, ya shekara 20 a cikinta. A 1973 ne duniya ta san shi, sa'ad da ya shugabanci kwamitin binciken badaƙalar Watergate, wato kutsen da mutanen Shugaba Nixon suka yi a ofishin jam'iyyar adawa. A gaban wannan kwamiti aka tono cewa Shugaba Nixon yana naɗar maganganun da ake yi a ofishinsa a ɓoye, abin da ya kai shi ga sauka daga mulki a watan Agusta na 1974. A ganina, haƙurin sauraren shaida da Ervin ya koya a kotu shi ya yi masa rana.

Magatakardan kotu, Sabon Gari:
Malam, a gafarce ni, domin wannan hanya ɗaya ita ce Joseph McCarthy ya bi, kuma ba ta gyara shi ba. Shi ma lauya ne, aka zaɓe shi alƙali a Wisconsin a 1939, ya shiga soja a 1942, ya ci kujerar sanata a 1946. A 1950 ya fito yana cewa ƴan gurguzu sun cika ma'aikatar harkokin waje, ya yi ta shafa wa mutane kashin kaji ba tare da hujjar da ko ƙaramar kotu za ta karɓa ba. Da majalisar ta gaji, ta tsawata masa a watan Disamba na 1954 da ƙuri'a 67 a kan 22, kuma Ervin yana cikin sanatoci 6 da suka binciki lamarinsa.

Malamar makaranta, unguwar Zariya:
Baba Malam, akwai abin da ba ku ambata ba. Ervin ya sa hannu a takardar ƴan majalisa daga jihohin kudancin ƙasar ta 1956 mai adawa da hukuncin haɗa ɗalibai baƙaƙe da farare a makaranta ɗaya, kuma ya ƙi dokar haƙƙin ɗan ƙasa ta 1964, yana kafa hujja da tsarin mulkin da ya kare a zamanin Nixon. Ɗalibinmu ya sa wannan a cikin muhawararsa.