Abin da manoman Mai Wurno suka tsayar kan famfon sola

Bayan sallar Juma'a manoman gaɓar kogin Shuɗin Nil a Mai Wurno, ƙasar Sudan, sun tattauna batun barin injin dizal a koma hasken rana. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, man ya yi tsada, wutar gwamnati kuma ba ta da tabbas, duk da madatsar Marawi mai megawat 1,250 da aka buɗe a 2009.

Kowa ya yarda rana kyauta ce, famfon sola ba hayaƙi, ba ƙara. Kuɗin farko ne ke karya gwiwa, shi ya sa dattawa suka ce maƙwabtan gonaki su haɗa hannu su saya tare.

An fi daɗewa kan batir. Zafin Sudan yana cinye shi da wuri, musamman mai ruwan acid. Waɗanda suka gwada sun ce manomi ya haƙura da shi gaba ɗaya: famfo ya yi aiki da tsakar rana ya cika tanki ko kududdufi, a yi ban ruwa da yamma. A ganina wannan ce shawarar da ta fi kowace amfani.

Sai ƙura. Idan habub, wato guguwar ƙura, ta taso, farantin sola yakan yi fari fat, ruwan bututu ya koma ɗigo. A goge shi da sassafe kafin gilashin ya yi zafi, da tsumma mai laushi. A kafa shi yana fuskantar kudu, a ɗaure da ƙarfe saboda iska da ɓarayi. Mataccen batir kuma kada a bar shi inda yara ke wasa, akwai gubar dalma a ciki.