Suna cewa sun gane, amma ba su iya karanta abin da suka rubuta ba: ina neman shawara

Wata malama, Rigasa

Assalamu alaikum, iyayena da abokan aikina. Ni malama ce a wata makarantar firamare ta gwamnati, kuma ina cikin waɗanda aka ɗauka aiki a 2018, bayan jarrabawar da gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malamai a 2017, wadda ta kai ga sallamar mutum 21,780. A bana an ba ni aji huɗu mai yara 84 a rajista. Idan na karanta abin da ke allo suna maimaitawa da murya ɗaya har ajin da ke maƙwabtaka da mu ya ji, idan kuma na tambaya ko sun gane, sai a amsa mini da “Eh, Malama”.

A makon jiya na kira wata yarinya wadda littafinta ya fi na kowa tsabta, na ɗora yatsa a kan kalmar “gida” cikin abin da ta kwafa da hannunta, na ce ta karanta mini. Ta dubi kalmar, ta dube ni, ta sunkuyar da kai. Ashe zana haruffan take yi kamar mai zanen lalle, ba ta san abin da suke faɗa ba.

Ina karatun ƙaro ilimi a ƙarshen mako, kuma lokacin rubuta kundin bincike ya zo. Ƙawayena sun ce in raba takardun tambayoyi ga malamai in huta, amma zuciyata tana kan waɗannan yara. Ta yaya zan san inda kowane yaro ya tsaya, kuma shin ajina zai iya zama wurin binciken?

Tsohon hedimasta, Tudun Wada

Wa alaikumus salam, ’yata. Na fara riƙe alli a 1976, shekarar da aka buɗe shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wadda kuma a cikinta aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a nan Kaduna saboda an wayi gari yara sun fi ƙarfin malaman da ake da su. Tun wancan lokaci amshi yake yaudararmu. Yara goma ne suke jan baki, sauran suna bin sautin, malami kuma ya koma gida yana ganin ya yi aiki.

Ki tuna da makarantar allo da kika yi. Almajirai suna zaune wuri ɗaya, amma kowa da inda ya tsaya, kuma malam ba ya barin yaro ya wanke allonsa sai ya zo gabansa shi kaɗai ya biya. Mu ’yan boko mun ɗauki tsarin aji, muka bar wannan biyawa, shi ya sa yaro yake kaiwa aji shida babu wanda ya taɓa jin muryarsa ita kaɗai. A 2017 an auna abin da ke kan malami, ban kuwa ce babu amfani a ciki ba, amma na so a ce an zauna da yaran ɗaya bayan ɗaya an ji abin da ya isa gare su. Ki fara daga nan, Allah Ya yi miki albarka.

Malamin tsangayar ilimi, Zariya

Malama, Baba ya riga ni, kuma abin da ya kawo daga makarantar allo shi ne abin da masu bincike suka tabbatar ta wata hanyar. A Indiya, ƙungiyar Pratham ta fito da tsarin koyar da yaro daga matakin da yake, ba daga ajin da shekarunsa suka kai shi ba, kuma Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 2019, suna cikin waɗanda suka gwada shi ta hanyar kwatanta yaran da aka yi wa da waɗanda ba a yi wa ba. Gwajin farko takarda ɗaya ce mai ɗauke da haruffa, da kalmomi, da gajeren sakin layi, da ɗan labari. Yaro zai faɗa ɗaya daga matakai biyar: wanda bai san harafi ba, mai harafi, mai kalma, mai sakin layi, da mai labari. Daga nan sai a raba su bisa matakin, a ware musu lokaci kullum, a sake gwadawa bayan ’yan makonni domin wanda ya ci gaba ya sauya rukuni.

Game da tambayarki ta biyu, ajinki zai iya zama wurin bincike, kuma irin wannan bincike da malami yake yi a kan aikinsa sananne ne a tsangayoyin ilimi. Ni kaina na gaji da kundayen da ake tambayar malamai ko kayan koyarwa suna da amfani, kowa ya ce suna da shi, a ɗaure a ajiye ƙura ta rufe. Ki auna yaran a farkon zango, ki rubuta abin da kika yi kowace rana har da ranakun da abin bai yiwu ba, ki sake auna su da wata takarda mai nauyi iri ɗaya. Sai dai kada ki ce duk ci gaban da kika gani aikinki ne, tunda yaro yana ƙaruwa ko da ba a canza komai ba. Idan abokiyar aikinki mai ɗaya ajin huɗun ta yarda a auna nata, za ki sami abin kwatantawa. Ki nemi izinin hedimasta da amincewar mai duba kundinki, ki sanar da iyaye, kuma ki sa lamba a madadin sunan kowane yaro.

Akwai kuma abin da ba ya cin ko kwabo. Mary Budd Rowe, wata mai bincike a Amurka, ta naɗi darussa da yawa wajen farkon shekarun 1970, ta gano cewa malami yakan jira kimanin daƙiƙa ɗaya kacal bayan ya yi tambaya, kuma idan ya kai daƙiƙa uku amsoshi sukan yi tsawo, yaran da ba sa magana su fara ɗaga hannu. Ki daina tambayar ko sun gane. Ki yi tambaya, ki yi shiru, sannan ki kira suna.

Wata malama, Kawo

Ranka ya daɗe, maganarka gaskiya ce, amma a yi lissafi. Yara 84, kowa minti uku, minti 252 ke nan, fiye da awa huɗu, kuma masu duba makarantu idan sun zo littafin shirin darasi suke buɗewa su ga ko an kai inda manhaja ta ce. Ƙanwata, ki riƙa gwada yara goma a rana lokacin tara, cikin kwana tara kin gama. Ki roƙi hedimasta ya ba ki rabin awar farko ta safe a rubuce, domin ranar da aka tambaye ki ki sami abin nunawa. Ni da kwalin indomi nake yanka katunan gaɓoɓi, ba, bi, bu, in ba masu ƙarfi su jagoranci ƙananan rukunai. Kuma kada ki kira rukuni na ɗaya da na ƙarshe, domin kafin a tashi sunan daƙiƙai ya bi wasu har gida.

Malamin tsangayar ilimi, Zariya

Na karɓi gyara, Hajiya. Na manta ban ce da wane harshe za a yi gwajin ba, kuma shawarata a fara da Hausa. A aikin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, an koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida ana ba su Turanci a matsayin darasi, kuma ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin. Amma Kaduna ba harshe ɗaya gare ta ba, don haka ki tambayi kowane yaro abin da ake yi a gidansu, ko Gbagyi ne ko Fulatanci ko Yarbanci, ki rubuta a gefen lambarsa.

Wata malama, Rigasa

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Hedimasta ya amince da rabin awar, kuma yau na gwada goman farko a bakin baranda. Biyu sun karanta labarin, ɗaya ya tsaya a sakin layi, uku a kalma, uku a harafi, ɗaya kuma bai san ko harafi ba. Wanda ya fi ba ni mamaki wani yaro ne da yake zama a ƙasa can baya, wanda ban taɓa jin muryarsa ba, ya karanta labarin bai yi tuntuɓe ba, ya ce yayarsa ce take koya masa da dare. Yarinyar nan mai kyakkyawan rubutu ta san haruffa goma sha ɗaya. Hajiya, idan da hali ki turo mini hoton katunanki kafin Litinin, in ga girman da kike yanka su.