Tsinken gwajin guba a abinci: shawarwarin da aka tattaro

Da aka tattauna kan tsinken gwajin gaggawa, wato ɗan tsinken da ke fito da layi don nuna ko akwai guba ko ƙwayar cuta a abinci, inda bakin kowa ya zo ɗaya shi ne ɗaukar samfuri. Gubar aflatoksin, wadda fumfunar Aspergillus ke haifarwa a masara da gyaɗa, ba ta bazuwa daidai a cikin buhu. Ƙwaya kaɗan ne ke ɗauke da ita, don haka wanda ya ɗebi tafi ɗaya daga sama zai iya samun sakamako mai kyau alhali gubar na ƙasa. Shawara ita ce a ɗebo daga wurare da yawa, a niƙa, a gauraya sosai, sannan a auna.

Karanta layin ma akwai tarko. A gwajin juna biyu, layi biyu na nufin an samu. A yawancin tsinken aflatoksin kuwa akasin haka ne: layin gwaji yana dushewa ko ya ɓace idan gubar ta yi yawa. Ni a ganina, nan ne sabon hannu ya fi faɗawa, kuma kuskuren na iya kai gurɓataccen abinci bakin yara.

Ƙwayoyin cuta irin su Salmonella ba sa nunawa nan take. Sai an raini samfurin na awanni, sau tari kwana guda. Dole kuma a san iyakar aflatoksin da ake aiki da ita: a Amurka kashi 20 ne cikin biliyan. Dafuwa ba ta kashe aflatoksin. Idan tsinke ya nuna akwai, a ware kayan, a kai ɗakin gwaje-gwaje a tabbatar.