"Kowa ya bar gida, gida ya bar shi": a kan wa ake ɗora ta a Kaduna?

Ɗan Makera:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman fatawa a kan karin maganar nan, "Kowa ya bar gida, gida ya bar shi." Ƙungiyar unguwarmu na haɗa karo-karon yashe babbar kwata kafin damina ta kankama, sai sakatarenmu ya rubuta wa 'yan unguwa da suka koma Abuja da Legas wasiƙa, ya rufe ta da wannan magana. Wani yayanmu ya turo nasa kuɗin, amma ya biyo da saƙon cewa an ci masa fuska, wai ba shi ya bar Kaduna ba, Kaduna ce ta sallame shi ranar da aka rufe masaƙa. Yanzu kwamiti ya rabu biyu. Tunatarwa ce ko gori?

Malamar Hausa:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, yadda na tashi na ji ta a bakin manya, ba zagi ba ce, ba kuma baki ake yi wa mutum ba. Labarin abin da ke faruwa ne kawai. Mutum ya tafi ci-rani ya share shekaru ba aike ba sallahu, ran da ya dawo sai ya tarar an aurar da ƙannensa ba wanda ya nemi shawararsa, an jibge buhunan masara a ɗakinsa, yaran gidan na ruga wa ciki suna cewa an yi baƙo. Ba wanda ya kore shi, gidan ne ya ci gaba da sha'aninsa. Ana kuma jefa ta ga wanda ya yar da harshensa da al'adarsa, kun sha ji a rediyo. Sai dai bakin da ya furta ta shi ne magana. In uwa ta faɗa wa ɗanta, nasiha ce. In mai riƙe da littafin rasit ya faɗa, ko ni ce sai na ji ƙanshin gori.

Baban Ummi:
Malama kin yi sassauci da yawa. Gori ne tsagwaronsa. Hausawan da suka faɗi wannan ai su suka ce zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Kakanninmu da jakuna suka riƙa zuwa Gwanja fataucin goro, wasu suka yi zamansu can, ga jikokinsu nan a zangon Kumasi. Magidanci da iyali an rufe masa wurin aiki, ya zauna a Makera ya dafa kishin gari su ci? Mutumin nan ma ya turo kuɗi fa. Wanda ya bar gida ba ya turo kuɗin kwata.

Tsohon Masaƙi:
Ku yi haƙuri da tsoho, jikata ke rubuta mini. Yawancinku ba ku ga gidan da ake magana a kai ba, shi ya sa kuke gardama da sauƙi.

A 1957 aka buɗe masaƙar KTL, wato Kaduna Textiles Limited, a Kakuri, zamanin Sardauna, haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa da kamfanin David Whitehead na Ingila. Sai masaƙu irin su Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya. Audugar su Funtuwa da Gusau ce ke shigowa ta fita a matsayin akoko da atamfa. Adams Oshiomhole da ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa har ya yi gwamnan Edo, daga Arewa Textiles ya taso.

In jiniya ta yi kukan canjin aiki, titi ba masaka tsinke. Masu shiga da masu fita, kekuna kamar a bakin ƙwarya, waɗanda suka kwana aiki ka gane su da burbushin auduga a gira da gashin baki. Masu tuwo da masu ƙosai a jere a bakin get, kowacce da littafinta na bashi, sai wata ya yi a zo a share. A layin da nake aiki akwai Bakatsine, akwai Tibi, akwai Bayarabe, akwai ɗan Kagoro, kuma saboda ƙarar injin saƙa da hannu muke magana, ba ruwan kowa da yaren kowa.

Abin da ya kashe mu sananne ne: wuta ba ta tsayawa, baƙin man da ake hura tukunyar tururi da shi ya yi tsada ya kuma yi wuyar samu, ga atamfar fasa-ƙwauri daga Sin, zanenmu sak, kuɗinta kuwa ba ya kai namu. KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007. Ba ma'aikaci kaɗai ya faɗi ba. Mai tuwo ta faɗi, mai gyaran keke ya faɗi, mai gidan haya ya daina gyara rufi. Don haka ɗana Ɗan Makera, ku bar yayanku ya huta. Ni da na zauna ba jarumta ce ta zaunar da ni ba, kuɗin mota ne babu.

'Yar Tudun Wada:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Amma ni ina ganin duk mun kauce wa inda ciwon yake. Wannan karin magana tana aiki a Kaduna sosai, sai dai a kan Kaduna take aiki, ba domin ta ba.

Ku tari mutumin da aka haifa a nan, aka yi masa kaciya a nan, ya yi aure a nan, ku ce masa ɗan ina ne kai. Zai ce Zariya, ko Katsina, ko Bida, ko Kafanchan. Jajibirin Sallah ku je tashar Kawo, gab da Kirsimeti ku je garejin Television, ku ji abin da kowa ke cewa: "Za ni gida." To nan ɗin ina ne? Da wannan karin maganar ake kiran su can. Ita ce ke sa mutum ya gina gida mai tayil a ƙauyensu wanda ba mai kwana ciki sai ƙadangaru, ya ba da gudunmawar masallacin garinsu ko cocin garinsu, alhali kwatar ƙofar gidan da yake kwana a Unguwar Mu'azu ta toshe tun bara.

Kuma ba abin mamaki ba ne. Tun da Gwamna Lugga ya dawo da hedikwatar Arewa nan Kaduna daga Zungeru a 1917, aiki ne ke kawo mutane: soja, reluwe, ofis, daga baya masaƙa. Bakano in ya tashi kirari ya ce ta Dabo tumbin giwa, Bakatsine ya ce ta Dikko ɗakin kara. Mu namu fa? Garin gwamna. Wato mai garin daban, mu 'yan zaman aiki. Da aka yanka Arewa jiha-jiha a 1967, aka cire Katsina a 1987, sannan gwamnatin tarayya ta tare a Abuja a 1991, manyan suka yi ta zarewa ɗaya bayan ɗaya, sai aka bar gari da mutanen da ba a taɓa koya musu cewa nasu ba ne. Sakatarenku Abuja ya aika da wasiƙa. Da ma maƙwabcinsa na jikin katanga ya miƙa wa.

Jikan Gbagyi:
Yaya, a gyara kaɗan. Lugga bai tarar da fili ba kowa ba. Mu yana nan ya same mu, kuma mu ba mu da wata tashar da za mu je mu ce za mu gida. Gonakin kakanninmu su ne unguwannin da kuke lissafawa. Sauran maganarki kuwa ban ja ba.

'Yar Tudun Wada:
Gaskiyarka ƙanena, na karɓi gyara.

Maman Talatu:
Ina karantawa tun ɗazu ina ta jinkirin sa baki. A Tudun Wada aka haife ni. Babanmu ya yi shekaru yana ɗinki a can, Hausa muke yi a gida fiye da yarenmu, in an yi Sallah tuwonmu da namanmu daban ake kawowa. Rikicin Fabrairun 2000 ya tashe mu, maƙwabcinmu Musulmi ne ya ɓoye mu har aka samu hanyar ƙetare kogin Kaduna. Yanzu Sabon Tasha muke. Haka su ma Musulmin da ke wannan ɓangaren suka kwashe suka koma su Rigasa, abin da ya rage na 2002 ya ƙarasa shi. Don Allah duk mai son amfani da karin maganar nan ya fara tambayar yadda aka yi mutum ya tafi. Akwai wanda ya fita da akwati, akwai wanda ya fita ba takalmi.

Alaramma na Rigasa:
Allah sarki. 'Yar'uwa, Allah ya huci zuciyarki, Allah ya saka wa maƙwabcin nan naku. Magana ta gaskiya, wanda aka fitar ba a ce ya bari. Ni dai abin da na fahimta, bari a nan yanke zumunci ne, ba nisan ƙafa ba. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye da suka haɗu a 1995 suka kafa cibiyar sulhu a garin nan, ai da can abokan gaba ne, shi Faston ma hannunsa ya rasa a rikicin 1992. Ba sai kowa ya yarda da duk abin da suke yi ba, amma ba wanda zai ce sun bar gida. Akwai kuwa wanda bai taɓa wuce gadar Kawo ba, amma rabonsa da ƙetare kogi ya gaida tsohon maƙwabci tun wancan lokacin.

Injiniya:
Ku gafarce ni zan ɓata muku hira. Ni ba ma'anar ce ta dame ni ba, amfanin da ake yi da ita ne. Taransifoma ta ƙone, karo-karo. Burtsatse ya lalace, karo-karo. 'Yan sintiri, kowane gida da kuɗinsa na wata. Maƙabarta ta zaizaye, matasa su fito da shebur. Duk wanda ya ɗaga murya ya ce ina kuɗin harajinmu, sai a toshe masa baki da karin magana, wai ba shi da kishin unguwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. An ga sabuwar gadar Kawo, an ga an rushe Kasuwar Barci a 2020 an sake gini, wato in an so ana iyawa. To babbar kwata aikin hukuma ce, ba aikin sakataren ƙungiya da wasiƙarsa ba.

Ɗan Makera:
Yallaɓai Injiniya, a takarda ka fi ni gaskiya. Amma ruwa ba ya jiran takarda. Bara da muka buɗe murfin kwatar, abin da muka tarar ledar fiyawata ce da robobin lemo sun cakuɗe da yashi sun zama kamar daɓe, sai da aka sa diga kafin shebur ya shiga. Har katifa muka zaro. Ba gwamna ya jefa katifar nan ba, ɗan layinmu ne. Kuma in ta cika ba gidan kwamishina take shiga ba, ɗakin wata tsohuwa ne a gangare, wadda kowace damina sai an ɗora mata buhun garinta a kan tebur. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Injiniya:
Ban ce kar ku yashe ba. Na ce in kun gama ku ɗauki hoto, ku kwashi jiki ku je ofishin kansila da na shugaban ƙaramar hukuma, ku nemi motar kwasar shara a rubuce. In ba haka ba dattin da kuka tara a bakin kwata ruwan farko zai maida shi ciki, baɗi ku sake rubuta wa Abuja wasiƙa.

Malamar Hausa:
In dai don wasiƙar ce, da "hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka" ya sa. Tana kiran mutum ba tare da ta tuhume shi ba.

Baban Ummi:
Wannan ai ta sha jiki Malama, kowace ƙungiya ita ce a kan kalandarta. Mutum na gani ya san kuɗi za a tambaya.

Auta:
Iyayena da yayyena, ni ƙaramin cikinku ne amma ina da tambaya. A Rigasa aka haife ni, a nan aka haifi babana. Da na je neman aiki aka ce in kawo takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, aka tura ni garin kakana, inda ban taɓa kwana ba. Can kuma mai unguwar ya dube ni ya ce bai san ni ba, sai na nemo dattijon da zai tsaya mini. Ina fita aikin gayya duk lokacin da aka kira, ina cikin masu sintirin dare a layinmu. Yaya 'Yar Tudun Wada ta ce mu ɗauki nan gida, na ji. To wane gidan ne na bari da har biyun suka bar ni?

Malamar Hausa:
Auta, wannan babbar magana ce, ta cancanci a buɗe mata nata zauren.

Baban Ummi:
A'a Malama, kar a kai ta ko'ina, ita ce maganar tun farko. Auta, a ƙarshe wa ya sa maka hannu a takardar, kuma nawa ka kashe a mota?