Baba ya daina zuwa masallaci saboda matsalar fitsari

Maman Biyu, Birni: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Shawara nake nema kan mahaifinmu, ya haura saba'in. Fitsari ke damunsa, dare ɗaya sai ya yi ta tashi, in ya tsuguna kuma ɗis-ɗis, ya miƙe ragowar ta ɓata masa wando. Abin da ya fi tada mana hankali shi ne yadda ya janye jikinsa. Mutumin da sahun farko ba ya wuce shi, yanzu a ɗaki yake sallah. Majalisa ya daina, ɗaurin aure sai dai ya aika. Ruwa ma ya ƙaurace masa da wannan zafin na Damagaram. Wandonsa da kansa yake wankewa kafin asuba don kada Inna ta gani. Ni ƴa mace ce, bakina ba zai iya wannan magana da shi ba.

Ma'aikacin lafiya, Sabon Gari: Wa alaikumus salam Hajiya. Alamun sun yi kama da kumburin furostat, wata tsoka ce a ƙasan mafitsara da ke girma da shekaru tana matse hanyar fitsari. Kusan rabin maza na da shi a shekara 60, kuma yawanci ba ciwon daji (kansa) ba ne. Amma sai an auna, don ciwon suga ma na sa yawan fitsari. Ku kai shi babban asibitin Zinder a yi gwajin fitsari, gwajin jini na furostat (PSA) da hoton ciki (eko). Hana kansa ruwa kuwa kuskure ne babba, fitsarin zai yi kauri ya ƙara takura mafitsara, ya jawo ƙwayoyin cuta. Ya sha da rana, ya tsaya awa 2 kafin barci. Shayi da goro bayan la'asar a rage. In ya gama fitsari ya jira kaɗan ya sake gwadawa. Kar a sayo masa maganin mura a tebur, wasu na toshe fitsarin gaba ɗaya. In ya toshe, ko aka ga jini, ko da tsakar dare ne a tafi asibiti.

Malam na Zango: Allah ya ba Baba lafiya. A mazhabarmu ta Malikiyya, yoyon fitsarin da ke zuwa rabin lokaci ko fiye ba ya karya alwala, sabuntawa ga kowace sallah mustahabbi ne. Ya sa tsumma mai tsabta ya koma sahunsa. Limaminsu ya kamata ya gaya masa, daga bakinsa zai fi karɓa.

Ɗan Kasuwar Dole: A jiƙa masa sassaƙe kawai, asibiti robar fitsari za su sa masa.

Tsohon Direba: Kai yaro, tsoron robar nan ne ya zaunar da mu a gida. Ƴata, ni ma na yi wannan ɓoyon. Ƙwaya aka ba ni, tamsulosin, tana sa jiri in ka miƙe da sauri, amma ina barci. In zan fita nakan zaga tukuna, a masallaci in zauna gefen ƙofa. Ranar da na faɗa a majalisarmu, ashe duk tafiyarmu ɗaya, kowa ya yi gum. Ki samu amininsa ya raka shi. Ba ɗa ba, ba suruki ba.

Maman Biyu, Birni: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Akwai Baba Alhaji maƙwabcinmu, tare suka tashi, yau zan tura Inna wajen matarsa. Likita, gwajin nan da azumi ake zuwa ko ya karya kumallo?